Kofin Babbar Malama

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki?

Gwaggo, ina jin koyarwar nan ba tawa ba ce. Aji huɗu aka ba ni. Ina ta zuba har muryata ta dushe, yaran kuwa sai dai su zuba min ido. Ƙarshen zango Shugaban makaranta zai shigo ya ga darasina, daga nan a tabbatar da ni ko a sallame ni.

An haɗa ni da wata da ake kira Babbar Malama, wai ta riƙa duba ni. Zama kawai take yi a bencin baya. Jiya ta dire min kofin ruwa a tebur, ta ce, "Duk tambayar da kika yi, ki kurɓa kafin ki sake buɗe baki." Ina jiran gyara, aka ba ni ruwa. Wannan ba raini ba ne?

'Yarki,
Aku

Aku 'yar albarka,

Ina amsawa. Ƙafa da sauƙi, sai dai dariyar wasiƙarki ta so ta tayar min da ita. Ai ba banza muka sa miki Aku ba. Tun kina ƙarama, in kin ce "Gwaggo ina za ki?", kafin in juyo kin ce "Kasuwa ko?" Na tabbata haka kike yi wa 'ya'yan mutane. Matar nan daga baya ta hango abin da ba ya ganuwa daga gaban allo. Ki sha ruwanki, ki kuma gaishe min da ita.

Allah ya yi albarka,
Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na sha ruwa har na gaji da zaryar bayi. Shirun nan nauyi gare shi, amma Babbar Malama ta ce in daure.

Ranar da Shugaba ya shigo, ruɗewa ta sa na manta kofin a ofishin malamai. Na yi tambaya, aji ya yi tsit, amsar ta taho min har bakin leɓe. Sai na hango Babbar Malama ta kai hannu baki, ba komai a ciki, kamar mai kurɓa. Na haɗiye maganata. Can sai yarinyar da ke zama jikin taga, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga yatsa. Amsar ba ta cika ba, yaron da ke kusa da ita ya ƙarasa mata, sai ga hannuwa ta ko'ina.

Shugaba bai ce komai ba tukuna. Ki sa ni a addu'a. Tsoro nake ji, don yanzu ina son aikin nan.

'Yarki,
Aku

Gwaggo,

Gaisuwa a gurguje. An tabbatar da ni. Na mayar wa Babbar Malama kofinta, ta ce in riƙe, watarana ni ma za a ba ni sabuwar malama in duba. Yarinyar taga kuwa, yanzu ita nake cewa ta ɗan kurɓi ruwa, wasu ma su samu damar magana.

Sai na zo hutu,
Aku