Mutumin da Babu a Takardata

Gaya, daren Talata

Jibi ne taron mata, kuma sufurefe mai mulkin gundumarmu, wannan sojan da ba ya dariya, zai zauna a gaba. Ni aka ɗora wa jawabi tunda ni ke koyar da tarihi a lakwal, wato makarantar boko. Kwana huɗu ina rubuta yadda littattafai suka manta da wahalar mata, har na sa labarin kakata da ta raini 'ya'ya biyar ita kaɗai da sayar da busasshen kifi.

Bayan la'asar na karanta wa Baba, ina jiran yabo. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Rakiya, duk gaskiya ne, kada ki cire ko kalma. Amma me ya sa uwata ta zauna ita kaɗai?"

Na ce, "Baba, ai kun ce mijinta ya rasu."

Ya ce, "Nasara ne suka ɗaure shi da igiya zuwa aikin hanya, bai dawo ba. Littattafanku na dā sun rubuta sarakuna, naku na yanzu sun rubuta mata. Talakan namiji fa, wa zai rubuta shi?"

Raina ya ɓaci, na so in yi gardama. Amma mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya ga ramin da ni ban gani ba, kuma bai rage wa uwarsa komai ba.

Na tambaye shi sunan kakan nawa. Ya ce, "Namata." Shekarata talatin da ɗaya, yau na fara jin sa.