Motar Ƙanwata Ko Tari Ba Ta Yi, Tawa Kullum Tana Wurin Gyara

Baba Alhaji Wahab, don Allah ka taimake ni da shawara kafin Babbar Sallah ta zo. Na san halina, in na buɗe baki ba na iya rufewa, kuma abin da nake shirin faɗa zai iya raba ni da 'yan uwana.

Mu uku ne wurin Mmarmu: ni ce babba, sai Rafi'u da ke Jamus, sai autarmu Barakatu. Bara waccan Rafi'u ya aiko mana da ƙananan motoci biyu masu shan dizal, iri ɗaya, jirgi ɗaya ya sauke su a Tema. Aka ba ta fara, aka ba ni shuɗiya. Tun ranar zuciyata ta ɗan sosu, don ba wanda ya tambaye ni wacce nake so, amma na haɗiye.

Baba, ka ji yadda nake riƙon tawa. Kullum a wanke take, a lulluɓe da tampol. Ko buhun gawayi ban taɓa ɗora mata ba. Tafiyarta ɗaya ce, daga gida nan Zango zuwa shagona na mayafai a Kejetia, wurin da ko a ƙafa ana zuwa, muna rarrafe cikin cunkoso, da yamma mu rarrafo mu dawo. Ranar da ba zan fita ba ma sai na tashe ta ta ɗan yi ɗumi a tsaye. Da maigidana ya nemi aronta zai je Techiman, ce masa na yi ga turoturo, motar haya, can a tasha.

Barakatu kuwa jaka ta mayar da tata. Duk mako daga Atonsu tana kan hanyar Techiman, wani lokaci har Tamale, ta ciko ta da man kaɗanya da daddawa har bayanta na neman jan ƙasa. In ka shiga ciki sai ka toshe hanci. Amma injin nan ko tari bai taɓa yi ba. Tawa 'yar gata fa? Wata fitila ta kunna a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa, ƙarfi ya tafi, ɗan tudu kaɗan sai nishi. Batir ya mutu na gaji da ƙirge. Fita, wato makanike, a Magazin, unguwar masu gyaran mota, ya ce matatar hayaƙi ce ta toshe, ya wanke, ba a jima ba ta koma gidan jiya. Abin da ya fi ba ni tsoro, baƙin man injin ƙaruwa yake yi maimakon ya ragu. Ƙawata ta ce hannu aka sa mini. Ban yarda ba, ban kuma ƙaryata ba.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar wani biki a Ash Town. Na ɗauko Mma, mun ci ado, motar ta mutu a tsakiyar titi, masu dako suka tura mu gefe mutane na kallo. Sai ga Barakatu. Ta kwashe Mma, tana dariya, wai motata hajiya ce kamar mai ita, ba ta son aiki. Tun ranar, ko asibiti Mma za ta, Barakatu take kira. Ni da na goye su su biyun a bayana.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi, kishi sosai. In na ji ƙarar injinta a ƙofar gidanmu sai abinci ya fita raina. Na daina ɗaga wayarta. Kuma zuciyata na gaya mini Rafi'u ya san wacce ce lafiyayya, ya ba autar, don tun suna yara bakinsu ɗaya. Zai zo Sallah. Na yi niyyar in tara su gaban Mma in ce a yi musaya, in har da gaske motocin ɗaya ne. Ko ka ga na yi kuskure?

Babbar Yaya, Zangon Kumasi

AMSA

'Yata, wanda ya iya kiran kishinsa da sunansa ya ci rabin yaƙi. Kuma kina da taki gaskiyar. Barakatu ba ta kyauta ba da ta yi wa yayarta dariya a bainar jama'a. Rafi'u ma da ya tambayi irin zirga-zirgarki, da mai shan fetur ya aiko miki. Amma wannan rashin tambaya ne, ba son kai ba. Hannu kuwa ba wanda ya sa miki. Na riƙe irin motar nan na ga halinta.

Injin dizal ba ya son lallaɓa, hanya yake so. Matatar nan da ke cikin salansa, bututun hayaƙi, tana tara toka, kuma ba ta ƙone tokar sai injin ya yi zafi sosai a doguwar tafiya. Tsakanin Zango da Kejetia kafin ya ɗumama kin kashe shi. Duk sanda ya ƙara wa kansa dizal don ya ƙone tokar kika katse shi, ragowar na gangarawa cikin baƙin mai. Ƙaruwar da ta tsorata ki ke nan. Batir ma gajeriyar tafiya ce ke cinye shi. Abin da kike ganin wulaƙanci ne Barakatu ke yi wa tata, shi ne maganin da kika hana taki.

Ki fara da juye baƙin man nan a makon nan, don wanda ya gauraya da dizal yana iya kashe injin gaba ɗaya. Daga yanzu ki riƙa juye bisa watanni, kada ki jira tafiya ta taru. A sa mata na'ura a duba, a sake wanke matatar, kuma kada ki yarda wani ya fasa ta ya zubar da sunan sauƙi. Ki daina ɗumama ta a tsaye. Ki sha mai a gidan man da kika amince da shi. Sannan duk mako ta hau babban titi ta yi gudu kamar na rabin awa ko fiye. Ki miƙa wa maigidanki makulli da hannu biyu. In duk wannan ya yi miki yawa, ki sami Rafi'u ku biyu, ki gode masa, ku yi maganar sayar da ita a nemi mai fetur.

Musaya kuwa, in kika nema za su ba ki, don ke babba ce. Kafin wata Sallar farar ta kwanta a hannunki, shuɗiyar ta warke a hannun Barakatu, kina kallo. A ranar ba ki da mota, ba ki da wanda za ki zarga, ga maganar da kika faɗa gaban tsohuwa ba ta komawa ciki.

Ki kira ƙanwarki yau. Ki gaya mata dariyar ta yi miki zafi, ki ba ta damar ba ki haƙuri. Da an gama gyara, ki ce mata zuwa Techiman na gaba a taki za a je, Mma a gaba, ita a baya, daddawa a but. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya haɗa kanku, Ya sa ku yi Sallah a tabarma ɗaya.