Zanen Kawuna a Shagon Aski

Anti Rahama, don Allah ki taimake ni, amma kada ki fara da wa'azi, na sha shi a gida har ya ishe ni.

Ni saurayi ne a Kalgo, sana'ata rubuta allunan shaguna. Boko ban yi nisa ba, karatuna da kaina na tsince shi, daga tsofaffin jaridu zuwa waya. Zane kuma da gawayi nake yi, na murhun innata, in fere shi da reza. Na daɗe ina kwaikwayon hotuna, sai na karanta cewa hannu ba ya ƙwarewa sai ka zaunar da mutum a gabanka kana kallonsa kana zanawa. To wa zai zauna? Abokaina sai soshe-soshe da danna waya, wai wuyansu ya gaji.

Kawu Sambo ne ya ji tausayina. Yayan innata ne, tsohon ɗan kokawa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Ya kira ni zaurensa, ya turo ƙofa, ya tuɓe riga ya zauna. Anti, tunda nake ban taɓa ɗaga ido na kalli Kawu sosai ba sai ranar. Na ga kafaɗar da ta taɓa gocewa, na ga fatar damtse ta saki, na ga tabon haƙarƙarinsa. Duk na zana, ban rage komai ba. Wallahi ban taɓa yin zane mai kyau kamarsa ba. Shi ma ya daɗe yana dubawa, ya ce ashe haka ya koma, ya yi dariya.

Daɗi ya kwashe ni. Na ɗauka na kai Gwandu, abokina Mubarak ya rataye shi a shagonsa na aski, kusa da madubi, don mutane su gani su san akwai mai hannu a Kalgo. Ban tuna cewa Hajara 'yar Kawu a Gwandu take aure ba. To, na tuna, ban dai ɗauke shi komai ba. Mijinta Zayyanu ya zo aski, an fara, ya ɗaga kai, sai ga surukinsa ba riga yana kallonsa. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban Kawu! Ya sunkuyar da kai, ya ce a tsaya, ya kifa hula ya fita da rabin aski. 'Yan shago suka mayar da abin wasa, har labari ya iso Kalgo.

Kawu ya zo har rumfata, a hankali ya tambaye ni ko gaskiya ne. Da na yi shiru, da an wuce wurin. Amma bakina! Na ce masa wannan fasaha ce, mutanenmu ne ba su waye ba. Na ce ai a da a gaban gari guda yake tuɓewa ana masa kiɗa, yau ne zai ji kunya? A gaban masu shayi na faɗa. Kawu ya gyara rigarsa ya tafi.

Har yanzu ina jin haushi. Me na sata? Wa na zaga? Amma in na hango shi a masallaci sai in canza sahu. Inna ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Ga Hajara ta haihu, suna ya matso, Kawu ya ce ba zai taka Gwandu ba, ba shi da idon haɗuwa da Zayyanu. Hajara kullum kuka. In ƙona zanen? In je in ba Zayyanu haƙuri? Ko in jefar da gawayin gaba ɗaya?

Mai Gawayi, Kalgo

*

Ɗana Mai Gawayi,

Ba zan yi maka wa'azi ba, ka riga ka yi wa kanka. Wanda bai san ya yi laifi ba ba ya canza sahu.

Neman ƙwarewa ba aibi ba ne, kuma ba da mugunta ka rataye zanen ba. Hukuncin zana mutum a addini, wannan ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Amma kawunka ya fi ka gaskiya. A filin kokawa shi ya zaɓi a gan shi, da ƙarfinsa. A zaure kuwa ƙofa ya turo. Tsufansa ya nuna maka kai kaɗai, amana ce, ko da bai faɗa da baki ba.

Ka je Gwandu gobe ka sauke zanen. Kada ka ƙona, jikinsa ne a kai, ba kai ke da iko ba. Ka naɗe shi ka kai masa gida, ka durƙusa, ka ce ka yi kuskure. Kada ka ƙara da "amma". Tunda a gaban masu shayi ka yi masa rashin kunya, ka koma can ka faɗi da bakinka cewa kai ne ba ka kyauta ba.

Zayyanu kuma ka bar shi. In ka tayar masa da maganar, ka sa shi ya sake ganin abin da yake ƙoƙarin mantawa. Sai dai ka roƙi innarka ta nuna wa yayanta cewa surukin da ya gwammace ya ratsa kasuwa da rabin aski a kan ya kalle shi ba riga, ba raina shi ya yi ba. Daga bakinta zai fi karɓa. Ko Kawu zai je sunan, wannan nasa ne, kada ka matsa.

Daga yau, duk wanda zai zauna maka, ka tambaye shi wa ya yarda ya gani, tun kafin ka ja layin farko.

Allah Ya huci zuciyar Kawu, Ya raya jaririn Hajara, kai kuma Ya sa harshenka ya koyi haƙurin da hannunka ya koya.

Anti Rahama