Mabuɗin Shagon Sparkhill

Manchester, Litinin

Salamu alaikum Bilqis, 'yar jami'a, jikar Rumawa.

Bayan gaisuwa, da ajami na rubuto don kada wani ya leƙa. Kin tuna matar sarkin Rum da kika ba ni labari, Agirifina? Wadda aka ce ta ba mijinta laimar kwaɗi mai guba, ta ture ɗansa, ta ɗora nata? To, duba gidanku. Kawu Lawal, babanki, ya yi mini alkawarin riƙe shagonsa na Sparkhill a Birmingham. Hajiya mamanki ta ce in zo Manchester in taya ƙaninta sati biyu, yau wata uku. Wa ke zaune a kujerata? Zayd, ɗanta na gidan farko! Ki sa ido a tukunya.

Naki, Abdurrahim

Birmingham, Alhamis

Wa alaikumus salam, sarkin tsokana.

Ba ka da kunya. Baba lafiyarsa ƙalau, likitansa ya gan shi jiya. Amma gaskiya duk takardar hukuma daga council yanzu Mama ke buɗewa, shi sa hannu kawai yake yi. An kuma canza kwaɗon shago. Ka daina rubuto irin wannan, don Allah.

Bilqis

Manchester, Lahadi

Bilqis, ina gaisuwa.

Kin gani! Ba ke kika ce har a sulallan Rum an buga fuskar matar tana kallon ɗanta ba? Jira ki ga hoton Hajiya a allon shago. Ni karatun allo kaɗai na yi, amma na karance ta. Wasa nake, sai dai shekara shida ina ɗaukar buhun shinkafa a shagon nan, kuma ba ni da wani wajen. Tambayi Kawu a ɓoye, alkawari na nan?

Ɗan sarkin da aka ture

Birmingham, Laraba

Abdurrahim, ɗana, ina gaishe ka.

Bilqis a nan unguwar Aston aka haife ta, ba ta iya ajami ba. Ni ta kawo wa wasiƙunka, na karanta mata duka biyun, ban tsallake harafi ba. Kawunka sayar da shagon ya so yi, shi ya sa na canza kwaɗo. Mabuɗi ɗaya ne, yana jakata.

Ka zo Asabar. Zan yi miya da laimar kwaɗi, daga Stratford Road na sayo. In ka cinye kwanonka a gabana, sai mu yi maganar mabuɗi.

Hajiya Hafsatu, matar sarki