Babana Ya Cire Rawaninsa

Hajiya Itimad, don Allah ki taimake ni, ki amsa mini kafin Alhamis, don bayan Alhamis amsar ba za ta yi mini amfani ba.

Ni 'yar mai gadi ce a wani dogon bene a Iskandariyya ta ƙasar Masar. Asalinmu mutanen kudu ne, wajen Sohag, amma a ɗakin ƙarƙashin matakala aka haife ni da ƙanena Ramzi. Tun yana ƙarami ba irin sauran maza ba ne. Shi ke tsefe mini kai, shi ke zaɓar wa mahaifiyarmu mayafi, yaran layi suna bin sa da jifa suna kiransa Ramziyya. Na sha fasa wa yara baki saboda shi. Yanzu ya girma, yana aiki a shagon gyaran amare, kuma wallahi duk unguwar babu mai hannunsa.

Makon jiya matar likitan da ke hawa na huɗu ta dawo daga Alƙahira ba zato, ta sami Ramzi da ɗanta Hazim a gado ɗaya. Ashe sun daɗe tare. Likitan bai taɓa kowa ba, manya ba sa ɓata hannunsu. Ya kira babana, ya tsayar da shi a bakin ƙofa kamar kullum, ya ce ɗan mai gadi ya lalata masa yaro. Yaron da ya girmi Ramzi, har da gemunsa! Hazim yanzu yana Jamus, wai ƙaro karatu, uwarsa tana raba wa maƙwabta alewa.

Babana ya sauko ya ɗauki sarƙar ƙofar gareji. Da rana tsaka ya daki Ramzi a farfajiya, mutanen bene suna leƙe ta baranda, ba wanda ya ce kai. Ya karya masa hannu, ya zubar masa da haƙoran gaba, da mahaifiyarmu ta faɗa kansa ita ma ta sha nata. Ni na wanke jinin, don wata daga sama ta aiko cewa yana ɓata mashiga. Yanzu Ramzi yana kulle a ɗakin tankin ruwa a can saman bene, hannun ya kumbura ya yi baƙi. Ni ke kai masa abinci, makullin yana wuyana.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne babana ya cire rawaninsa. Mutanen bene sun ɗauka zafi ne, wani ma har yana tsokanarsa da sanƙo. A wajenmu kuwa in namiji ya cire rawani, ba ya mayar da shi sai an wanke abin kunya da jini. Baffana Hamdun zai zo Alhamis ya tafi da Ramzi ƙauye, wai ya taya su saran rake, alhali raken ma bai isa sara ba. Haka aka ce da Sabah 'yar gwaggona, ko zaman makokinta ba a yi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin haushin Ramzi, ya ja mana. An sa ranar aurena bayan Sallah, in na buɗe masa ƙofa auren ya mutu, sarƙar kuma ta dawo kaina. Shi da bakinsa ya ce in bar shi, ya gaji. Amma ni na goya shi. In buɗe ko in bari?

'Yar Mai Gadi, Iskandariyya

*

'Yata, buɗe ƙofar, kuma kada ki jira Alhamis.

Na fahimci mahaifinki. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar wa mutane kaya da shara, mutuncinsa kaɗai ya mallaka, aka tsayar da shi a bakin ƙofa aka taka. Ba shi da ikon dukan likita, sai ya daki wanda yake iya duka. Na gane dalilinsa, amma ba uzuri ba ne. Abin da ke tsakanin Ramzi da Ubangijinsa ba ni zan yanke ba, ba kuma Baffa Hamdun zai yanke a gonar rake ba. In aka kashe yaron nan, mahaifinki ma ya gama yawo, ko a kurkuku ko a zuciyarsa.

Ki jira babanki ya tafi masallaci, ki sauko da Ramzi tare da katin shaidarsa. Asibiti tukuna, mai nisa da unguwarku, ya ce daga tsani ya faɗo, don hannun da ya yi baƙi ba ya jira. Kada ki kai ƙara wurin 'yan sanda, Ramzi za su riƙe. Kada kuma ki ɓoye shi wurin wani mai gadi komai kirkinsa, duk 'yan garinku ne ko surukansu, kafin magariba labari ya isa ƙauye. In kin amince da matar da yake wa aiki, ita ta karɓe shi daga asibiti ta fitar da shi daga garin. Ke kuma ki kwana biyu wurin wata ƙawa har Baffa ya koma.

Aurenki na iya mutuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma zai yi ciwo. Za ki iya samun wani mijin.

Abu na ƙarshe shi ne mafi wuya. Kada ki tambayi Ramzi inda zai je, ko ya so gaya miki ki hana shi. Za su matsa miki, wataƙila da duka, kuma abin da ba ki sani ba ba mai iya fitar da shi daga bakinki. Ki rungume shi sosai a ƙofar asibitin, don mai yiwuwa ba za ku sake ganin juna ba.

Allah ya tsare ku, ya sanyaya zuciyar mahaifinku.

Hajiya Itimad