Bakina Ya Auna 'Yar Fari

Lazare, Yamai

Uwargida Rahila,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. A gaida mutanen Dogonduci, har da masu cewa ba ki yi dacen miji ba. Sun kusa yin gaskiya.

A lakkwal, makarantar yaranmu, an kawo sabon tsari na gane sana'ar da kowane yaro ke so. Maza da mata tambaya iri ɗaya, sannan a kira uba ya ba da shaida. Na ajiye taksi na tafi, da faransancina na aji uku.

A kan ɗanmu Haruna na zuba kamar maroƙi, yaron da ko ƙwan fitila bai iya sauyawa. Da madam, malamarsu, ta zo kan babbar 'yarmu, ta ce yarinyar ta zaɓi aikin lantarki, ko na ga alama a gida? Rahila, 'yar fari ce. Sunanta ma ban faɗa, balle in yabe ta gaban baƙuwa. Na yi dariya na ce wannan ai sai ɓata mana rediyo. Madam ba Bahausa ba ce, ba ta san kunya ce ba. Ta rubuta. Yarinyar kuwa tana tsaye bakin taga.

An sa Haruna cikin masu zuwa makarantar fasaha, ita an ce ɗinki.

Mijinki mai dogon baki,
Gideyon

Uwargida Rahila,

Ina fata kuna lafiya. Mu dai muna ci, amma ba hira.

Na koma lakkwal. Na tsaya gaban madam na ce Na'omi, da bakina, kamar mai haɗiye ƙaya. Na faɗi yadda take gyara wayoyin taksina, da yadda maƙwabta ke kawo mata fanka. Madam ta riƙe kai, ta ce ashe ubanni ta auna, ba yara ba. Za ta sake gwada ajin duka ranar Litinin, da kayan aiki a hannu, ba uba ko ɗaya.

Na kawo albishir da rawar jiki. Yarinyar ta durƙusa da ladabi ta ce ba ta zuwa, wai wanda ya fi kowa saninta ya riga ya yi magana.

Na gwada barkwanci, bai ci ba. Ki roƙi Inna ta ba ni aronki kafin Litinin. Ke kin iya yabon mutum yana ji, ni ba a koya mini ba.

Naki,
Gideyon