Ikhlas Ta Amsa Mini

Kellu, Ikhlas ta amsa mini magana! Ranar Asabar da na kira kina kasuwa, ita ta ɗauki wayar, muka yi hira, ni da jikata, babu tafinta. Da guntun Turancina na hana ta faɗa miki, don ina so ki ji daga hannuna.

To, yanzu bari in yi sallama yadda ya kamata. Assalamu alaikum, 'yata. Ina fata kina lafiya, da maigidanki Sherif da yara. Allah ya ba ku juriyar sanyin Ingila. Mu nan Azare lafiya lau. Gwaggonki Husaina ta koma Katagum wurin 'ya'yanta tun bayan Sallah, saboda haka gidan ya rage daga ni sai awaki. Tun rasuwar mahaifiyarki Laraba, wani lokaci nakan wuni ban yi magana da kowa ba sai a masallaci.

Ga abin da na ɓoye miki. Wata uku ke nan na koma ajin yamma, wannan karon na Turanci. Ranar da kika kira kina kuka ce ta tayar da ni. Kin ce za ki bar makarantar koyon Turancin da aka sa ki, don idan an fita hutu kowa na duban wayarsa, ke kaɗai kike cin abin da kika zo da shi. Kin ce malamar ta nemi kowa ya rubuta sunan maƙwabcinsa, kika zauna da takarda fara. Kin kuma ce yaranki suna raha da Turanci a gabanki, ki yi dariya ba ki san me aka ce ba. Wannan na ƙarshe na san shi. Shekara biyu ina cewa "amaryata" a waya, Ikhlas tana yin shiru ta miƙa miki.

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara riƙe fensir, kina goye a lokacin. Mu goma sha ɗaya ne a wancan ajin na yaƙi da jahilci, yau saura ni kaɗai. Yanzu ga ni kuma kan bencin 'yan firamare bayan la'asar, gwiwata tana taɓa tebur. Malama Zulaiha da ke koya mana ta ce, Baba, harshenka ya yi nauyi, amma kunnenka da sauransa. Na ce mata nauyin goro ne.

Jimla uku na iya: sunana Bunu, ina zaune a Azare, ina da awaki huɗu. Su na jero wa Ikhlas, gumi na keto mini. Sai ta fashe da dariya, ta yi tambaya mai tsawo. Kalma biyu na kama a ciki, "suna" da "akuya". Ashe sunayen awakin take tambaya. Wa yake raɗa wa akuya suna a garin nan? Sai ita ta zaɓa wa jar akuyata suna, na sa ta maimaita har sau uku na rubuta a bangon littafina. Yanzu da shi nake kiran akuyar, maƙwabta suna leƙowa ta katanga.

Don Allah kada ki bar ajin nan, Kellu. Ban ce kaɗaicin zai tafi ba, nawa ma bai tafi ba. Amma duk ranar da kika shiga, ki sani akwai wani tsoho a Azare zaune kan benci yana fama da abin da kike fama da shi. Idan malamarki ta sake neman sunan wani, rubuta nawa.

Ki gai da Sherif da Mohammed ƙarami, ki ce wa amaryata mijinta ya kusa iya zance. Bayan damina za a rufe ajinmu, kowa zai tashi ya karanta shafi ɗaya a gaban jama'a. Na aika wa Husaina, na faɗa wa mutanen masallaci. Ku ma idan Allah ya hore, ku zo gaba ɗayanku ku gani, Ikhlas ta ga akuyarta.

Mahaifinki,
Malam Bunu